Yadda buhu 10 ya koma 6: nazarin jarin wata mai man gyaɗa a Kano

## Kakar 2022: yadda sana'ar take kafin matsala

Matar da wannan bayani ya shafa gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, mazauniyar wata unguwa a cikin birnin Kano. Ta haura shekara 50, mijinta ya rasu, kuma tun tana budurwa take yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta gada wajen kakarmu. Ni aikin akanta na karanta, shi ya sa daga baya aka jawo ni cikin maganar. Alƙaluman kuɗin da za su zo nan daga bakinta suka fito da kuma littafin da muka buɗe. Farashin da ita ta saya ta sayar ne, ba na kasuwa baki ɗaya ba.

A watan Nuwamba 2022 jarinta buhu 10 ne na tsabar gyaɗa, kowanne naira 50,000, wato naira 500,000. Daga kasuwar Dawanau wani dillali yake haɗo mata kaya. Buhu 2 take yi a mako, don haka duk mako 5 ake sake sari. Aikin buhu guda yakan ci kwana biyu: a soya gyaɗar, a murje, a fece, a kai injin markaɗe, a dawo a zuba a turmi ana juyawa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, a matse, sannan a mulmula tunkuzar a soya ƙuli. Buhu yana ba ta kwalba 40 ta mai. 'Yar autarta ce ke taya ta, ba a biyan ta ko kwabo.

Tana da tsarin lissafi, kuma ba na wasa ba ne. Gwangwani biyu ne a ƙarƙashin gadonta. Kuɗin mai yana shiga na farko, shi ne uwar kuɗi, ba a taɓa shi sai ranar sari. Kuɗin ƙuli yana shiga na biyu, daga nan ake biyan markaɗe da itace da mota da gishiri da leda, abin da ya ragu kuma shi ne riba, shi ake cefane da shi. A wancan lokacin kwalba naira 1,250 ce, kwalba 40 ta tashi 50,000, daidai kuɗin buhu. Ƙulin buhu guda yana kawo 20,000, ƙananan kashe-kashe su ci 7,000, a bar mata 13,000. Haka kakarmu ta koya mata: mai ya mayar da gyaɗa, ƙuli naki ne.

## Janairu zuwa Yuni 2023: farkon zubewa

Abu uku ne suka zo a jere. Na farko ƙarancin takardun kuɗi, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Daga Janairu har zuwa Maris, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, masu sayen kwalba ɗaya da rabin kwalba ba su da tsabar kuɗi a hannu. Gwaggo ba ta da asusun banki a lokacin, sai ta yi ta ba da bashi. Wani ya dawo, wani bai dawo ba, kuma ba a rubuta ko ɗaya ba.

Na biyu, aka yi bikin autarta bayan ƙaramar salla. Ta rantse ba ta taɓa gwangwanin jari don biki ba, kuma na yarda da ita. Amma hannun da ke taya ta kyauta ya tafi, dole ta ɗauki wata maƙwabciya tana biyan ta a kan kowane buhu. Aikin nan dama can yana da farashi, yarinyar ce take yafewa.

Na uku, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na rantsuwa. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Mai injin markaɗe ya ƙara kuɗi a makon, mai motar da ke kawo kaya daga Dawanau ma haka, mai itace ya biyo baya. Gyaɗar kanta ta yi ta hawa.

Ta ƙara kuɗin kwalba, amma a hankali, kuma kullum a makare. Dalilinta shi ne wannan man da ke hannunta da gyaɗar tsohon farashi aka yi shi, ba za ta ɗora wa mutane abin da ita ba ta biya ba. Sai ta sayar da shi a tsohon farashi, ranar sari ta je ta tarar buhu ya ƙara 3,000 ko 4,000. Wani lokaci ta cike giɓin daga kuɗin ƙuli, wani lokaci ta ce wa dillali ya rage rabin buhu. A ƙarshen Maris buhu 9 take iya saya. A ƙarshen Yuni, 8.

## Yuli zuwa Nuwamba 2023: abubuwan da aka gwada

A Yuli ta kwashi adashi naira 100,000, ta zuba duka a gwangwanin jari. Kaya ya koma buhu 9, hankalinta ya kwanta na ɗan lokaci. Sari biyu kawai aka yi aka dawo inda ake.

A Agusta wata ƙawarta ta ce mata ribar ta yi ƙanƙanta ne, maganinta yawan aiki. Sai ta koma buhu 3 a mako. Nan ta ci karo da wani abu da ba ta zata ba: masu sayen manta na unguwa kwalba 80 suke iya ɗauka a mako, ba sa wuce nan. Man buhu na uku sai dai a zuba a jarka a kai wa 'yan sari, su kuwa a lokacin da take sayar da kwalba 1,700 a gida, 1,500 suke biya. Naira 200 sau 40 ta tashi 8,000 da ta salwanta a buhun nan kaɗai, ga ladan mai taya aiki da ya ƙaru. Buhu biyun farko suna ɗan rufa wa kansu asiri, na ukun kuwa ci yake yi daga jikinsu. Mako 6 ta yi a haka, ciwon baya ya kwantar da ita, ta koma 2. Jari ya tsaya a buhu 7.

Ta kuma gwada rage girman ƙuli ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Yaran da ake aikowa ne suka fara tona ta, suna ɗaga ƙulin sama suna dariya. Ta ji kunya ta mayar da shi yadda yake. Wani ya ba ta shawarar ta riƙa sirka man da na waken suya mai arha, ta ce ba a gidan uwarta aka koya mata haka ba.

Fatan da ya rage shi ne kaka, lokacin da sabuwar gyaɗa ke shigowa farashi ya faɗi. Ya ɗan sauka, amma bai je ko kusa da na bara ba. A Nuwamba 2023 ta sayi buhu a 85,000, kuɗin gwangwani ya ba ta buhu 6, naira 510,000.

Ranar da na je gaishe ta na tarar da buhunan jingine a soro, wurin da da yake cika maƙil yanzu har akuya ta samu wajen kwanciya. Na ce, "Gwaggo, jari ya ragu ne?"

Ta ce, "Wane irin raguwa, ɗan nan? Dubu ɗari biyar na fara da ita, ga dubu ɗari biyar da goma. Gyaɗa ce dai ta yi tsada."

Ban ce komai ba a ranar. A hanya na tuna cewa cikin 510,000 ɗin nan har da dubu ɗarin adashi.

## Disamba 2023: mako huɗu na rubutu

Da ƙyar ta yarda aka buɗe littafi, sai da na ce ba don in binciki kuɗinta ba ne. Jikarta 'yar aji biyu a sakandare ce ta riƙe biro. Doka ɗaya muka sa: duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta, ko naira 50 ce, ko kwalbar da aka shiga da ita kicin, ko ƙulin da aka ƙulla wa baƙo.

Ga abin da buhu guda ya ci a watan. Gyaɗa 85,000. Mota da dako 2,500. Markaɗe 4,500. Itace 4,000. Gishiri da yaji da sukari da leda da kwalabe 3,000. Ladan mai taya aiki 3,000. Jimilla 102,000. Da a ce duk abin da buhun ya fitar an sayar, mai kwalba 40 a kan 1,950 zai kawo 78,000, ƙuli 33,000, a tashi da 111,000. Riba 9,000 ke nan a takarda.

Amma ba duka ake sayarwa ba. Kwalba 2 a kowane buhu tana tafiya girkin gida da kyauta, naira 3,900. Ƙulin gyara da na jikoki da na baƙi ya kai 1,500. Kuɗin da ya shigo hannu 105,600 ne, abin da ya rage bayan kashe-kashe 3,600.

Sai muka duba gwangwanayen. Na ƙuli ya karɓi 31,500, ya biya ƙananan kashe-kashe 17,000, ya bar 14,500, kuma wannan 14,500 ɗin ita take ɗauka a matsayin riba, 29,000 a mako. Na mai ya karɓi kuɗin kwalba 38, wato 74,100, alhali buhun da zai mayar 85,000 ne. Giɓin 10,900 a kowane buhu. Sana'ar da ke samar da 3,600 ana cire mata 14,500, bambancin kuwa daga jikin gyaɗa yake fita.

Kafin wata ya ƙare aka je sari, buhu ya zama 90,000. In aka auna da kuɗin da za a mayar da buhun, ba wanda aka saye shi ba, 3,600 ɗin ma babu ita, faɗuwar 1,400 ce. Kuma duk wannan ba a sa wa kwana biyun da take yi a bakin wuta ko sisi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan nan hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 cikin ɗari. Wanda ke lissafin riba da farashin jiya a irin wannan yanayi, jarinsa yake rabawa masu saye yana yi musu godiya.

## Kuskuren da ni na yi

A makaranta an koya mana cewa idan kaya biyu suka fito daga abu ɗaya, ana raba kuɗin da suka ci tare gwargwadon abin da kowanne ke kawowa a ciniki. Na zauna na yi haka. Abin da aka kashe kafin mai da tunkuza su rabu, wato gyaɗa da mota da markaɗe da lada da rabin itace, 97,000 ne. Mai yana kawo kusan kashi 7 cikin 10 na ciniki, ƙuli kashi 3. Na ɗora wa mai 67,900 da kuɗin kwalabe 1,000, kwalba ta tsaya a kusan 1,720. Na ɗora wa ƙuli 29,100 da 4,000 na suya da kayan haɗi, ya tashi 33,100, ana sayar da shi 33,000. Ashe ƙulin da ake kira riba bai da ribar ko naira ɗaya.

Na je da murnata na ce, "Gwaggo, ƙulin nan wahala ce kawai, ki daina shi."

Ta dube ni ta ce, "To tunkuzar fa, zubarwa zan yi? Ko akwai gyaɗar da ke fitar da mai kaɗai?"

Ta fi ni gaskiya. Rabon da na yi yana da amfani wajen nuna cewa ƙuli ma ya ci gyaɗa, amma bai isa a yanke hukuncin daina shi ba, domin ko an daina, 29,100 ɗin nan ba ta tafiya ko'ina, kan mai za ta koma. Tambayar da ta dace ita ce: a sayar da tunkuza ɗanya, ko a soya? Wani mai kilishi ya taɓa taya tunkuzar buhu guda 24,000. Suya tana ƙara 9,000 a ciniki, tana cin 4,000. Sannan ta ƙara min da abin da ba ya cikin littafin makaranta: in ana suyar ƙuli, shi ma yana sakin mai a kasko, kusan kwalba 3 cikin 40 ɗin nan daga nan suke fitowa. Aka bar ƙuli a inda yake.

Ita ma ta kawo tata shawarar, wadda ta daɗe tana ci mata rai: ta sayi injin markaɗe nata ta huta da biyan 4,500. Mun tambaya, injin da zai yi aikin 300,000 ne. In zai yi shekara 5, kowane wata yana cinye 5,000 na darajarsa ko an kunna ko ba a kunna ba. Gyara 4,000, yaron da zai kula da shi 15,000. Wannan 24,000 tsayayya ce, ba ruwanta da yawan aiki. Fetur kuwa bin aiki yake, 2,000 a buhu, don haka abin da za ta tsira da shi a kowane buhu 2,500 ne. Sai ta markaɗa buhu 10 a wata kafin injin ya biya kansa, ita kuwa 8 take yi. Ga shi 300,000 ɗin buhu 3 ne da ɗoriya daga cikin 6 da suka rage. Ta yi shiru, ta ce a ajiye maganar.

## Janairu zuwa Nuwamba 2024: sabon tsari

Aka haɗe gwangwani biyu ya zama ɗaya. Duk ciniki ya shiga, duk kashewa ta fita a rubuce. Ta yanka wa kanta lada 5,000 a kowane buhu, kuma kwalbar da ta shiga kicin daga ladan ake cire kuɗinta. Bashi ba ya wuce mako, in ban da wasu tsofaffi biyu da ta ce a rubuta nasu a shafin sadaka, kada a yaudari kai.

Babban sauyin yana wajen sa farashi. Duk ranar Asabar jikarta ta kira dillalin Dawanau ta ji kuɗin buhu na ranar, da shi ake lissafi ko da gyaɗar da ke soro an saye ta da arha. A makon farko buhu 90,000 ne, abin da zai ci 107,000, a ƙara ladanta 5,000 da 4,000 na farfaɗo da jari, ana neman 116,000. Ƙuli ya koma 4 a naira 100 maimakon 5, a fili aka faɗa wa kowa, aka kuma samu wasu masu tsire biyu da ke sayen garinsa, ya kawo 34,000. Saura 82,000 a kan mai, kwalba ta zama 2,050.

Masu saye sun ja baya. Ciniki ya sauka daga kwalba 80 zuwa wajen 65 a mako, wasu sun koma manja, wasu man roba na kanti. Mai yana da abokan gasa da yawa, shi ya sa ƙarin naira 100 ke korar mutane, ƙuli kuwa ba wanda ya fasa saye don an rage guda ɗaya. Ta rage aiki zuwa buhu 3 a mako biyu maimakon ta kai wa 'yan sari. Ta kuma fara ƙulla man naira 200 da 300 a leda don waɗanda kwalba ta fi ƙarfinsu. Da azumi ya kama a Maris, masu ƙosai suka dawo, ciniki ya koma 80. Daga nan ƙarin ya zama na 50 ko 100 a kai a kai, mutane suka saba.

Gyaɗa ta ci gaba da hawa, a damina ta sayi buhu sama da 130,000. Fetur ya sake tashi a Satumba da Oktoba har ya haura naira 1,000 a wurare da yawa. A wannan karon adadin buhunan bai ragu ba. Jikar ta ƙara wani layi a ƙarshen kowane shafi inda take rubuta jari da buhu, ba da naira ba. A Nuwamba 2024 layin ya nuna 8.

## Hukunci

Tsarin gwangwani biyu ba shirme ba ne. Dabara ce ta kare jari ga wadda ba ta rubutu, kuma ta yi aiki shekara da shekaru saboda kuɗin kwalba 40 yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kuɗin buhu. Ranar da gyaɗa ta tsere wa mai, dabarar ta koma tana ɓoye ɓarna, domin gwangwanin ƙuli kullum yana nuna saura. Adashi ya gaza saboda an zuba shi a tulun da ke yoyo. Ƙarin aiki ya gaza saboda buhu na uku ba farashin na farko ake sayen mansa ba. A ganina abin da ya fi komai tasiri shi ne sa farashi da kuɗin sari na gobe, sai yanka lada, wanda ya raba aljihun gida da na sana'a. Littafin shi ya sa aka ga waɗannan, amma ba shi ya gyara ba.

Gyaran bai zo kyauta ba. Abin da ke shiga cefane ya faɗo daga 29,000 a mako zuwa 10,000, babban ɗanta ne ya riƙa cike wani ɓangare, kuma da babu shi ban tabbata za ta iya daurewa ba. Ladanta na wata 40,000 ne, bai kai mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024 ba. Har yanzu ba mu sa kuɗin soron da ake ajiya ba, ba mu sa lalacewar kasko da turmi ba. In aka bi ƙa'ida sosai, aka tambayi abin da za ta samu da ta saka ƙarfinta da kuɗinta a wani wuri, ribar sana'ar siririya ce ƙwarai. Na faɗa mata haka, ta ce a shekarunta, a cikin gidanta, wane wurin ne zai ba ta ko rabin wannan, kuma ban samu amsa ba.

Buhu 2 daga cikin goman ba su dawo ba tukuna. Maganar inji ma ba ta mutu ba. Zuwana na ƙarshe ta ce wasu mata uku a layinsu suna kai markaɗe kullum har bakin titi, in aka haɗa nasu da nata ai an wuce buhu 10 a wata. Na ce jikar ta fara rubuta nawa suke kaiwa da nawa suke biya, mu duba bayan wata biyu.